Agolan Jami'a: Tarihin Koyar da Ɗaukar Hoto Daga Zariya Zuwa Tawa

A Tamaske, kamar sauran garuruwan Adar, hoto ya riga makarantar koyar da shi isowa da shekaru masu yawa. Fatake da ƴan ci-rani ne suka shigo da shi cikin jaka. Mutum zai tafi nema Kano ko Ikko ko Abijan, in Allah ya buɗa masa sai ya shiga situdiyo, ya ɗora hannun da ke da agogo bisa gwiwa, a ɗauke shi, ya aiko gida don a ga yana lafiya kuma yana samu. Hukuma ma ta ƙara wa abin kasuwa, domin katin ɗan ƙasa da fasfon aikin hajji da takardar jarrabawa duk sai da hoto. Shi kuwa mai riƙe da kyamarar, a hannun ubangida ya koya. Jami'a daga baya ta zo, kuma da ta zo ba ta ware wa hoto ɗakinsa ba. Agola ta mai da shi: yau yana sashen zane, gobe yana sashen aikin jarida, jibi yana sashen fim.

Sana'ar daga bakin teku ta hauro. Tun kafin ƙarni na 19 ya fita akwai ƴan Afirka masu situdiyo a biranen gaɓa. Iyalin Lutterodt na Akara da Jonathan Adagogo Green na Bonny suna cikin waɗanda tarihi ya riƙe sunayensu. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Yarbawa da mutanen Gana da Togo da Dahome suka biyo shi da kayan aikinsu, suka zauna a unguwannin baƙi, wasu kuma suka ƙetara iyaka zuwa garuruwan Nijar. Tsofaffi ba su manta da akwatin katako mai ƙafa uku ba, wanda ake kafawa a bakin kasuwa ko ƙofar ofishin hukuma. Mai hoto ya zaunar da kai gaban labule, ya ce kada ka motsa, ya zare murfin idon kyamara, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Sai ya zura hannu cikin wani baƙin hannun riga da ke manne da akwatin, ya wanke takardar a ƴan tasoshin magani da ke ciki. Abin da zai fara fitowa dodon hoto ne, fuska fara fat, farar riga baƙa wuluk. Sai ya kafa dodon a gaban kyamara ya sake ɗaukarsa, sannan mutum ya fito yadda Allah ya yi shi. Akwati ɗaya, shi ne kyamara, shi ne ɗakin duhu.

Koyon aikin bin ubangida ne irin na kowace sana'a. Yaro ya share shago, ya ɗebo ruwa, ya wanke tasoshi, ya yanke gefen hotuna, ya riƙe fitila a wurin biki, sai an ga hankalinsa kafin a bari ya taɓa kyamara. Manyan da duniya ta san Afirka ta Yamma da su ta wannan ƙofa suka bi. Malick Sidibé na Bamako ya yi makarantar sana'o'in hannu, amma hoto a shagon wani Bafaranshe, Gérard Guillat, ya koye shi daga 1955, kuma shi ne aka bai wa babbar lambar girmamawa ta baje kolin fasaha na birnin Fenis a 2007. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar kitson matan Nijeriya, ya sayi ƴar kyamararsa Brownie a 1950, ya kama aiki a matsayin yaron ɗakin duhu a ma'aikatar watsa labarai ta Ibadan a 1954. A Yamai, Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano a 1940 ya kuma rasu a 2014, shi ya adana mana fuskar samarin birnin da wuraren rawarsu a shekarun farko na ƴancin kai. Babu ɗayansu da ya riƙe digirin hoto.

Kada mu ɗora wa kanmu laifi fiye da kima. Ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro abin, jami'a ta daɗe tana yi masa kallon sana'ar hannu. An bayyana fasahar hoto ta Daguerre a Faransa a 1839, amma sai a 1937 László Moholy-Nagy ya buɗe makarantarsa a Shikago inda hoto ya zauna kafaɗa da kafaɗa da zane da ƙira, sai kuma 1946 aka fara darussa a sashen hoto da Ansel Adams ya kafa a San Faransisko. Kusan shekara ɗari ke nan tsakanin haihuwar hoto da shigarsa aji da mutuncinsa.

A ƙasar Hausa, ƙofar farko Zariya ce. A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Shekara uku bayan haka, a 1958, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da ta yi wa manhajar Turawa tawaye, suna cewa sai an haɗa dabarun zamani da gadon gida. Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo: duk wanda ya karanci tarihin fasahar Nijeriya ya san su. Amma a lura, masu zane ne da sassaƙa da ɗab'i. Hoto yana nan a makarantar, sai dai a matsayin ɗan aike. Ɗalibin da ke koyon tsara talla da bangon littafi da fasta shi ke buƙatarsa, don haka a ƙarƙashin wannan fanni aka ajiye shi. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ta gaji kwalejin da sashen duka, ta kuma gaji wannan tsari. A ƙarshen shekarun 1970, da aka ɓalle sashen ƙirar masana'antu daga sashen zane, fannin tsara talla ya tafi can tare da saƙa da rini da ginin tukwane, hoto ya ɗauki kayansa ya bi shi.

Duk da haka abin da aka koyar a wancan zamani ba na wasa ba ne, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Ɗalibi zai karɓi fim mai ɗaukar hoto 36, ya fita gari. Kowane danni kuɗi ne, don haka sai ya auna haske, ya zaɓi girman ƙofar da hasken zai bi da tsawon lokacin da za ta zauna a buɗe, kafin ya danna. Ba zai ga abin da ya ɗauka ba sai ya dawo. A cikin duhu na gaske, wanda ko jar fitila ba a kunnawa, zai zare fim ɗin da yatsu ya naɗa shi a kan kwarkwaro ya rufe cikin gwangwani, sannan ya zuba magani. Littattafan Turawa sun ce maganin ya kasance a kan digiri 20 na ma'aunin zafi. A watan Afrilu, a Zariya ko Kano ko Yamai, ruwan famfo kansa ya wuce haka nesa, sai an nemo ƙanƙara an sanyaya, in ba haka ba fim ya ƙone ko fatarsa ta yi laushi ta saɓule. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ƙwaya ɗaya ta zauna kan jiƙaƙƙen fim, ta fito farin tabo a goshin mutum. Bayan fim ya bushe sai a koma ƙarƙashin jar fitila, a sa dodon a na'urar faɗaɗawa, a haska shi kan takarda, a tsoma takardar a tasa ta farko inda surar ke tasowa a hankali, a wuce da ita ta biyu don tsai da aikin maganin, sai ta uku mai kafe hoton kada haske ya ci shi.

Wanda ya sha wannan wahala yakan fito da abu guda da ba ya barinsa har abada: ya san haske. Ya san dalilin da ya sa baƙar fuska cikin farin rawani a tsakar rana take wahalar da kyamara, ya kuma san cewa sai ya auna hasken a kan fuskar, ya bar rawanin ya ji da kansa.

Ƙofa ta biyu aikin jarida ce. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta fara koyar da shi a 1961, Jami'ar Legas ta biyo a 1966 da taimakon UNESCO, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta buɗe nata sashen a ƙarshen shekarun 1970, wanda ya zama matattarar ƴan jaridar Arewa har da wasu daga Nijar. A nan hoto kwas ne guda a cikin kwasa-kwasai masu yawa, a yi shi zango ɗaya ko biyu a wuce. Ana koyar da yadda ake ɗaukar hoton labari, da rubuta bayanin da ke ƙarƙashinsa, da abin da ya halatta ɗan jarida ya ɗauka da wanda bai halatta ba. Amfaninsa a fili yake. Matsalar ita ce aji na ɗalibai da yawa da kyamarori ƴan kaɗan yakan mai da darasin hannu ya koma darasin allo. Ɗalibi ya zana sassan kyamara a takardar jarrabawa, ya ci maki mai kyau, alhali bai taɓa loda fim ba.

Akwai kuma abin da ke wajen harabar jami'a. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin hoto: wasu sun haɗa shi da surar da aka hana, suka yarda da shi don lalura kawai, irin ta fasfo, wasu suka ce kama inuwa ne, ba ƙirƙirar sura ba. A gefe guda kuma ga ra'ayin iyaye. Uban da ya sai da albasarsa ko awakinsa ya kai ɗa jami'a likita yake so ya gani, ko alƙali, ko ma'aikacin kwastan. A ganina wannan na biyun ya fi na farkon nauyi, domin mutumin da ke ƙyamar hoto a baki sau da yawa za ka tarar da na auren ƴarsa a ɗaki, amma da wuya ka sami wanda ya yi alfahari cewa ɗansa mai hoto ne.

A Nijar labarin ta hanyar fim ya bi. Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa ƙasar a matsayin injiniyan hanya a 1941 ya koma mai nazarin al'adu da kyamara, ya tara matasa a cibiyar binciken zamantakewa ta Yamai, kuma daga da'irarsa Oumarou Ganda da Moustapha Alassane suka fito. Ganda ne ya fara cin babbar lambar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972. Alassane, wanda aka haifa a 1942, makanike ne tun farko. Ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, ya zama cikin na farko a Afirka ta Yamma da suka yi fim ɗin zane mai motsi. Shi ne ya riƙe sashen fim na Jami'ar Yamai shekara 15. Ga mutanen jihar Tawa labarinsa na gida ne, domin a Tawa ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, yana da masaukin baƙi, ya mai da wani ɓangarensa wurin aiki, yana ƙera ƴan tsanansa yana ɗaukarsu hoto ɗaya bayan ɗaya har su yi motsi, matasan gari suna koyo a gefensa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Ɗaya hanyar kuma ita ce cibiyar horar da ma'aikatan watsa labarai da gwamnati ta kafa a Yamai a 1977, wadda ta zama IFTIC a 1989. Can ake horar da ƴan jarida da masu ɗaukar hoton talabijin da masu haɗa sauti. Hoton tsaye a can ma mataki ne da ake takawa a hau zuwa hoto mai motsi.

Sai kuɗi suka yi magana. Fim da takarda da magani duk daga waje ake sayo su. Da Nijeriya ta shiga shirin gyaran tattalin arziki a 1986 naira ta faɗi, da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 kuma Nijar ta ji a jika. Ɗakunan duhu na makarantu suka fara zama babu magani, na'urar da ta lalace ta zauna a lalace. A kasuwa ma ƙasa ta riga ta motsa. Tun shekarun 1980 injinan wanke hoto mai kala suka bazu a manyan birane, kowa ya iya sayen ƴar kyamara ya bi gidajen biki ya kai fim lab a wanke masa. Ilimin da ubangida ke riƙe da shi a ɗakin duhu, wanda saboda shi yaro ke yi masa biyayya shekaru, ya rasa mai saye. Daga nan kyamarar dijital ta shigo, wayar salula ta biyo ta, har kamfanin Kodak da kansa ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Janairun 2012. Makarantar shago ta raunana, ta jami'a kuma ba ta yi ƙarfin da za ta maye gurbinta ba.

Inda aka sami ci gaba, yawanci a wajen jami'a aka same shi. David Goldblatt ya kafa makarantar hoto a Johannesbag a 1989. Mali ta fara taron masu hoto na Afirka a Bamako a 1994, wanda ake yi duk shekara biyu, aka kuma buɗe cibiyar horar da masu hoto a birnin daga baya da tallafin ƙungiyar Helvetas. A Legas an fara bikin LagosPhoto a 2010. Dubi kuma waɗanda suka yi suna a wannan zamani: Bayo Omoboriowo, wanda ya kasance mai ɗaukar hoton Shugaba Buhari, ilimin sinadarai ya karanta, TY Bello tattalin arziki, Fati Abubakar, wadda ta nuna wa duniya rayuwar yau da kullum ta Borno a tsakiyar rikici, aikin jinya. Sun yi jami'a, amma ba jami'a ta ba su kyamara ba. A 2020, da hukumar kula da jami'o'in Nijeriya ta rarraba digirin aikin jarida gida bakwai, talla ta sami nata, hulɗa da jama'a ta sami nata, fim ya sami nasa, hoto bai samu ba.

Mai karatu na iya cewa: to, ina asarar? Ga waya a hannun kowa, yaron Tamaske na ɗaukar hoto a yini fiye da abin da kakansa ya gani a rayuwarsa. Amsar tana cikin ƙasar Adar kanta, kuma ta shafi abin da jami'a ce kaɗai ke iya koyarwa da kyau, wato karanta hoto da adana shi.

A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, tare da ƙungiyar CARE, don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984, shekarar fari, aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta duniya na biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, domin maza sun tafi ci-rani. Su suka ɗebi duwatsu a ka, suka jera su a kan fako, suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin tsaunuka. An ɗauki hotunan wannan aiki da yawa, amma mafi yawan masu ɗaukar baƙi ne, kuma hotunan sun bi su zuwa ofisoshinsu da rahotanninsu.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na Galma, a gundumar Madawa. Gray Tappan, masanin labarin ƙasa na hukumar safiyo ta Amurka, da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, tare da masana ƴan Nijar, sun ɗauko hoton garin da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 suka ajiye shi gefen na 2003. Abin da kowa ke zato shi ne hamada ta ci gaba da cin ƙasa. Sai ga shi itatuwan da ke gonakin sun ninka na da, alhali mutane ma sun ƙaru. Irin wannan kwatance, da aka faɗaɗa zuwa Maraɗi da Damagaram, shi ya kai ga ƙiyasin cewa manoman Nijar sun farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa su yi masa sassabe su raine shi. Manoma sun san abin da suka yi. Duniya ba ta gaskata ba sai da gani ya kori ji. Kuma hotunan nan biyu sun yi aiki ne saboda dalili ɗaya: wani ya rubuta wuri da shekara a jikin na 1975, wani ya adana shi kusan shekara talatin, wani kuma ya koyi yadda ake karanta shi. Waya ba ta koyar da ko ɗaya daga cikin ukun.

A 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ta Tawa ta fara da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, kuma yanzu tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya dogara ƙwarai da abin da ya ji daga bakin tsofaffi. Tarihin Adar na bayan zuwan Turawa kuwa, wani babban kasonsa a hoto yake, cikin akwatunan tsofaffin situdiyo na Tawa da Madawa da Birnin Konni, da jakunkunan gidajen fatake na Tamaske, inda zafi da gara da ɗigar damina ke cinsa.

Ba sai an jira an buɗe sashe mai shugaba da tambari ba. Kwas ɗaya ya isa a fara da shi, da na'urar kwafe hoto zuwa kwamfuta, da malamin tarihi da tsohon mai situdiyo a aji guda, a tura ɗalibai garuruwansu lokacin hutu su kwafo hotuna da izinin masu su, su rubuta wane ne, a ina, wace shekara, wa ya ɗauka. Hukumomin jami'ar da attajiran Adar da ke Yamai da Kano da Legas su duba wannan tun ana iya samun mai ba da amsa. Matar da ta ɗauki dutse a aikin Keita a 1984 tana da shekara 20, yau ta haura 60.